Kwarin da ya daina riƙe ruwa: nazarin wani garke a yammacin Zariya, 2018 zuwa 2024

Wurin da masu shi

Duk wanda ya fita daga birnin Zariya ya yi yamma, ta wajen Kufena, zai ga duwatsu curi-curi suna tasowa daga cikin gonaki, wasu tsirara, wasu da 'yan itatuwa a tsagoginsu. Tsakanin dutse da dutse akan sami kwari mai ɗan rafi, da fadama a gindinsa. A irin wannan kwarin gonar da ake magana a kanta take. Faɗinta kusan hekta 30 ne: wajen 18 gangare ne mai tsakuwa da marmara wanda ba a nomawa, 8 gonar dawa da masara, sauran 4 fadama a bakin rafi. Rafin ƙarami ne, yana bi ya faɗa cikin ɗaya daga rassan da ke ƙarewa a kogin Galma. A gindin dutsen da ke arewa akwai idon ruwa, shi ne asalin mashayar shanun.

Mai gonar, wanda za mu kira Alhaji, ɗan kasuwar hatsi ne a cikin birni. Gadonta ya yi, ita da shanun, tare da ƙannensa maza da mata, kuma ba a raba ba, shi ke riƙo. Kiwon yana hannun wani dattijo Bafulatani da 'ya'yansa biyu. Tun zamanin mahaifin Alhaji yake wurin, shi ya sa har yau Alhaji yake ce masa Baffa. Shanun Bunaji ne, farare masu baƙin kunne, irin da ya fi yawa a ƙasar Zazzau.

Zariya tana samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 zuwa 1,100 a shekara, daga Mayu zuwa farkon Oktoba, mafi yawansa a Agusta. Daga nan sai wata shida ko fiye ba ɗigo. Ƙarƙashin ƙasar kuwa dutse ne zalla. Ruwan da rijiya ke samu yana zaune ne a cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke sama-sama da kuma tsagogi, kuma daga ruwan damina da ya nitse a kan tudu yake zuwa. Abin da gangare ya sha a Agusta, shi rijiyar fadama ke bayarwa a Maris.

Kafin 2019: yadda abin ya faro

Marigayi mahaifin Alhaji ya bar shanu wajen 35. A zamaninsa, da an gama cin karan kaka sai samari su kora rabin garken kudu, wajen Kachiya, ba su dawowa sai ruwa ya sauka. Kwarin kan huta wata huɗu zuwa biyar. Da satar shanu ta yi ƙamari a dazukan Birnin Gwari da kewaye, hanyoyi kuma suka zama abin tsoro, sai aka daina tafiyar. A lokaci guda Alhaji yana zuba ribar hatsi cikin shanu, har garken ya kai 60 a shekarar 2018. Bakuna sun kusa ninkuwa, kuma yanzu shekara cur suke yi a wuri ɗaya.

Gangaren ne ya fara nunawa. Gamba, wadda a da take ɓoye ɗan maraƙi, ta koma tsilli-tsilli. Tafasa da ƙashin yawo suka maye gurbinta. Hanyar da shanu ke bi kullum daga ruga zuwa idon ruwa ta zama fako, ruwan sama ya same ta a shirye, ya mai da ita magudana. Cikin damina biyu ta zama kwazazzabo da zai haɗiye mutum a tsaye. Idon ruwan da a da yake kaiwa Maris ya fara ƙafewa tun Disamba. A bazara har akwai shanun da sai an kama wutsiya an ɗaga su kafin su miƙe.

Kowa a gidan, har da Baffa, sunan da ya ba matsalar ɗaya ne: ƙarancin ruwa.

Ranin 2019 zuwa 2020: burtsatse

Alhaji ya ɗauko masu haƙar burtsatse. Rami na farko ya wuce mita 50 bai ba da komai ba sai ƙurar dutse. Na biyu, kusa da fadama, ya faɗa kan tsaga mai ɗan ruwa. Aka sa famfo da janareta da tanki. Yakan yi awa biyu yana bayarwa, sai ya tsaya, a jira ya taru.

Lissafin buƙatar ba shi da wuya. Saniya mai nauyin kilo 250 tana shan lita 25 zuwa 30 a rana, a tsakiyar bazara ta kai 40. Shanu 60 ke nan suna neman lita 1,500 zuwa 2,400 kullum. Burtsatsen yana iya wannan da ƙyar. Amma ruwa a ƙauye ba na mutum ɗaya ba ne. Da rafi ya ƙafe, garkunan maƙwabta suka fara zuwa, mata suka zo da jarkoki, kuma babu mai fuskar da zai hana dabba ko mutum ruwan sha. Kafin Afrilu, filin da ke kewaye da tankin ya zama gari kamar an daka, babu ko tsinke ɗaya. Shanun sun sha ruwa sun ƙoshi, amma ramarsu tana nan, domin busasshiyar ciyawar rani, ko da an same ta, sinadarin gina jikin da ke cikinta yakan faɗi ƙasa da kashi 4 cikin 100, alhali tumbin saniya yana buƙatar kusan 7 kafin ya narkar da ita yadda ya kamata. Kuɗin dusa da angurya ya ƙaru a kan na fetur.

2021: tafki da katangar siminti

Dabara ta biyu ita ce a tare ruwan damina. Aka kawo katafila ta haƙa tafki a bakin kwazazzabon, tsawo mita 40, faɗi 30, zurfi ɗaya da rabi. Sama da shi kaɗan aka gina katangar bulo da siminti ta tsallaka kwazazzabon, don ta rage wa ruwa ƙarfi.

Katangar ba ta ga ƙarshen Agusta ba. Ruwan da ya taho daga gangare mai hekta 18 ba tare da wani abu ya tsayar da shi a hanya ba, ya iso da nauyinsa duka, ya ci gefen katangar inda ta haɗu da ƙasa, ya zagaye ta, ya kwantar da ita. Yashi da laka suka wuce cikin tafki suka cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na zurfinsa. Abin da ya rage kuma rana da iskar hunturu suka sa masa baki. A ranin Zariya buɗaɗɗen ruwa yakan rasa milimita 6 zuwa 8 a rana, wato wajen santimita 20 a wata, kuma tafki mai faɗi marar zurfi shi ya fi saurin tafiya. Zuwa Fabrairu sai taɓo.

Akwai kuma abin da ba a yi tsammani ba. Shanu suna shiga tafkin har gwiwa, suna sha suna kashi a ciki. Gefen ya cika da ƙananan dodon koɗi, waɗanda a jikinsu tsutsar hanta ke rayuwa kafin ta manne a ciyawar bakin ruwa. Bayan 'yan watanni wasu shanu suka fara kumburi a ƙarƙashin haɓa. Da aka yanka ɗaya da ta kasa tashi, mahauci ya nuna wa Baffa hantar, duk ta lalace. Aka ɗura wa garken duka maganin tsutsa.

Maris 2022: zama a ƙofar dagaci

A ƙasan gonar akwai masu lambu, 'yan tumatir da albasa da rake, kowa da injin ban ruwansa da rijiyar bututu. Su ma ruwansu yana ja da baya kowace shekara, sai suka riƙa matsowa bakin rafi, har suka nome burtalin da shanu ke bi zuwa wani gurbi da ba ya ƙafewa da wuri. Wata safiya burtsatsen ya lalace, yaran Baffa suka kora shanu ta tsohuwar hanya, aka tattake komayen albasa. An zare sanduna, Allah ya kiyaye ba a zubar da jini ba.

Dagaci ya tara su, ya aika aka kira arɗo. Mai albasar ya ce, "Ranka shi daɗe, ba mu hana su ruwa ba. Ruwan ne babu, mu ma rijiyoyinmu iska suke ja." Baffa ya ce, "Allah ya ba ka nasara, saniya inda uwarta ta sha can take nufa. Hanyar nan tun ina saurayi nake bin ta." Aka kimanta ɓarna Alhaji ya biya. Aka sake fitar da burtali aka kafa duwatsu a iyakarsa. Aka kuma farfaɗo da tsohuwar al'ada da ta kusa mutuwa a wurin: bayan girbi shanu su kwana a gonakin manoman tudu su zuba taki, su kuma a bar musu kara.

A wajen zaman akwai wani malamin gona da ya yi ritaya, ɗan garin, wanda ya yi shekaru yana aikin ciyawar dabbobi. Bai ce komai ba sai da aka watse. Ya roƙi Alhaji ya bari ruwan farko ya sauka su hau gangaren tare.

Daminar 2022: aiki ya koma kan tudu

Sun hau a cikin ruwan Yuni. Ruwa yana sauka daga kan dutse ya bi fako jawur da gudu, ko ina ka tona da yatsa ƙasan a bushe take. Malamin ya ce, "Alhaji, kana ta nemansa a gindin kwari, shi kuwa tun daga nan yake tsere maka." Ya yi masa lissafi a tsaye. Milimita 1 a kan hekta 1 lita 10,000 ce. Damina ɗaya tana zuba wa kowace hekta lita miliyan 10. Abin da garken ke sha a shekara duka bai kai lita miliyan ɗaya ba, wato ko kashi ɗaya cikin goma na ruwan hekta ɗaya bai cika ba. Sannan ya juya kan ciyawa. Saniya tana cin wajen kilo 6 na busasshen abinci a rana. Shanu 60 cikin kwana 180 na rani suna neman kusan tan 65. Ya tambayi Baffa ko gangaren nan da karan gonar za su tara wannan. Baffa ya yi dariya kawai.

Aikin farko jerin duwatsu ne, dabarar da manoman Yatenga a Burkina Faso suka yi suna da ita tun shekarun 1980. Ana bin kwancen gangare, ba a bin gangarowarsa. Don a sami layin da ya daidaita, an yi amfani da doguwar tiyo mai garai-garai cike da ruwa, an ɗaure bakunanta biyu a jikin sanduna masu alama: inda ruwan ya tsaya daidai a sandunan biyu, nan ne tsayi ɗaya, sai a kafa turke. A tona 'yar rariya, a zaunar da manyan duwatsu, a cike tsakaninsu da ƙanana, tsayin duka bai wuce santimita 30 ba. Tsakanin layi da layi mita 15 zuwa 20. Jerin ba ya tsare ruwa ɗungurungum, yana rage masa gudu ne ya baje shi, laka da kashin shanu da irin ciyawa su kwanta a bayansa. Dutse kuwa kyauta ne a wurin, lada kawai aka biya samarin ƙauye. A bayan kowane layi aka dasa saiwar gamba, a wuraren da ruwa ya fi ƙarfi aka sa jema, mai saiwa mai zurfi wadda shanu ba su cika damuwa da ita ba idan ta tsufa.

Kwazazzabon kuma daga kansa aka fara. Maimakon katanga ɗaya babba, aka jera ƙananan tarin duwatsu ba siminti, kowanne ƙasa da mita ɗaya, an cusa gefensa cikin bango, tsakiyarsa ta fi gefe ƙasa don ruwa ya bi ta nan, an kuma shimfiɗa duwatsu inda zai faɗo. Biyu daga ciki sun tafi a Agusta, waɗanda aka yi ganda wajen cusa gefensu. An sake su.

Inda aka sha wahala shi ne batun hana kiwo. Malamin ya so a rufe hekta 6 mafi lalacewa har damina biyu. Baffa ya ƙi. Ya ce ciyawar da ba ta isa ba, a kuma rage ta? Waya mai ƙaya ma, in an sa, ɓarayi za su kwashe. Maganar Baffa gaskiya ce ta wannan fuskar, kuma da an yi masa dole da aikin ya mutu a ranar da Alhaji ya koma birni. Abin da aka daidaita a kai shi ne a raba gangaren gida huɗu, a shafa fenti a jikin duwatsu a matsayin iyaka, sanda da idon makiyayi su zama shinge. Yanki ɗaya a rufe shi sam. Sauran ukun a riƙa zagayawa, kowanne ya sami hutun kwana 35 zuwa 40, kuma a fitar da shanu tun gamba tana da tsawon taƙi ɗaya a ƙasa. Wurare biyu kaɗai aka killace: idon ruwan da inda za a shuka ciyawa. An yi shingen da ƙaya, aka dasa bini-da-zugu a jikinsa, tunda dabba ba ta cinsa.

2022 zuwa 2023: rumbun ciyawa da rage garke

Rumbun ciyawa ba sabon abu ba ne a jihar Kaduna. A shekarun 1980 masu bincike na ILCA, cibiyar binciken kiwon dabbobi ta Afirka, sun gwada shi da Fulani mazauna wajen Kachiya: fili kimanin hekta 4 a killace, a shuka sitailo (wata ciyawar dabbobi dangin wake) nau'in Verano, a ajiye shi sai rani, a riƙa sakin masu ciki da masu shayarwa su ci na awa biyu zuwa uku a rana. Cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa da ke Shika, nan bayan Samaru, ta daɗe tana aiki a kan irin waɗannan ciyayi, har da lablab, wani irin wake da ake shukawa don harawa. A gonar nan hekta 3 aka ware, biyu sitailo, ɗaya lablab. Shanu aka kwanar a filin makonni kafin shuka, kofato ya yi kaftu, kashi ya zama taki, aka ƙara takin zamani na sufa.

Shukar farko ta fito jefi-jefi. Irin sitailo yana da ɓawo mai tauri, sai an jiƙa shi a ruwan zafi kafin ya tsira da kyau, kuma yaron da aka ba aikin ya ga kamar dafa iri hauka ne, ya watsa shi haka. A Disamba kuma masu farautar gafiya suka sa wuta a daji ta lashe kusan rabin filin. Daminar 2023 aka sake, aka jiƙa iri, aka share fili mai faɗin mita 4 kewaye da shingen tun a Nuwamba. Lablab kuwa yanke shi aka yi yana fure, aka shanya a inuwa, aka ɗaure aka ɗora a kan rumfa tare da harawar wake da ta gyaɗa.

Rage garken ya fi kowane aiki ciwo. Ƙannen Alhaji suna da haƙƙi a shanun, wasunsu kuma sun ɗauki sayarwa a matsayin cin gado. Baffa ya san kowace saniya da sunanta da na uwarta. Sai da aka zauna da 'yan'uwa aka nuna musu kuɗin dusa da magani na shekara uku. A Nuwamba 2023, shanu suna da jiki bayan damina, aka kai 18 kasuwar kara: tsofaffi, da waɗanda suka yi shekara biyu ba haihuwa, da bijimai da suka yi yawa. Baffa ne ya zaɓa, ba malamin ba. Garken ya koma 40 da 'yan kai.

Kuɗin ya zo a kan gaɓa. Tun 29 ga Mayu 2023 da aka janye tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin kwanaki, janaretan ya zama kaya. Aka sa wa burtsatsen famfo mai aiki da hasken rana, aka ja bututu zuwa kwamaye biyu na siminti a wurare daban-daban, nesa da idon ruwa, ana buɗe ɗaya a rufe ɗaya. Tafkin aka yashe ɓangare ɗaya aka zurfafa shi, aka kewaye da ƙaya, shanu suka daina shiga.

Ranin 2024: abin da aka gani

Idon ruwan ya kai ƙarshen Fabrairu yana tsattsafowa. Rijiyar hannu da ke fadama ba ta ƙafe ba har ruwa ya sauka. Kan kwazazzabon ya daina cin gaba, bayan tarin duwatsun ya cika da laka har gamba ta kama. A yankin da aka rufe, ciyawa ta rufe ƙasa a bayan kowane jeri, amma tsakanin jeri da jeri har yanzu akwai fako. Ba a ɗaga saniya ko ɗaya da wutsiya ba. An sayi dusa, amma ƙasa da rabin ta da. Matan rugar sun ci gaba da kai nono kasuwa har cikin Maris, abin da suka daina a 'yan shekarun baya. Gambar da ta tsufa kuma an yanka an sayar wa masu saƙar zana.

Hukunci

Burtsatse da tafki ba su kasa don an yi su da ha'inci ba. Sun amsa tambayar da aka yi musu ne, tambayar kuwa ta tsaya a kan abin da saniya za ta sha yau. Burtsatsen ma da ya ba da ruwa ya ƙara ɓarna, domin ya tara kofato a wuri ɗaya a lokacin da ƙasa ba ta da abin kare kanta. Shi ɗin dai ya zama mai amfani bayan an raba mashaya an rage bakuna.

A ganina, cikin duk abin da aka yi, rage garke da hutar da gangare su suka ɗauki nauyin sakamakon. Jerin duwatsu shi ne abin da baƙo ke gani ya yaba, amma da an bar shanu 60 suna bi ta kansa kullum, da ciyawar da ke riƙe shi ba ta kama ba. Yarjejeniyar ƙofar dagaci kuma ta kawo karan da ya cike giɓin da hekta 30 ba za ta taɓa cikewa ba.

Sai dai kada a ɗora wa duwatsun abin da ba nasu ba. Tsadar fetur ta sa masu lambu sun rage awoyin ban ruwa a ranin nan, wasu ma sun bar rake, wannan kaɗai zai iya ɗaga ruwan fadama. Damina biyu kuma ba su isa a yi rantsuwa a kansu ba. Shekarar da ruwa zai ɗauke da wuri ita za ta gwada aikin.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin gonar. Kashi ɗaya cikin uku na saman gangaren na wani gida ne, kuma suna sayar wa masu gawayi itatuwan da ke kai. Wasu garkunan suna shiga yankin da aka rufe da dare. Gari yana matsowa, dillalan fulotai sun riga sun zo sau da yawa, gonar kuwa ba ta da takardar mallaka, gadon ma ba a raba ba. Tsarin zagayen kiwon duka a kan Baffa yake, shi ya san ranar da za a fita daga wannan yanki a shiga wancan. Ya haura saba'in, kuma ƙaramin ɗansa ya fara koyon aikin gini a Samaru.